HD a kwali, hazo a allo: wa ke rage mana awo?



Akwai wata magana da muka haɗiye shekara da shekaru ba mu tauna ba, ita ce ta haruffan nan biyu, HD. Suna jikin kwalin tele a butik, suna jikin dekoda, suna maƙale a kusurwar allo kusa da tambarin tasha, suna cikin tallar da ake yi mana duk lokacin da biyan kuɗin wata ya matso. Amma duk mai tele da parabol a gidansu, ko wanda ke kallo a fada ana shan shayi, ya san abin da zan faɗa. Ka kunna tashar ƙwallo ana wasan Turai, har zufar goshin ɗan wasa kana gani, in kana da lokacin ɓatawa ka ƙirga ciyawar fili. Ka danna telekomand sau ɗaya ka dawo wata tashar gida, sai ka ga mai karanta labarai kamar an shafe masa fuska da man kaɗanya, rubutun da ke gudu a ƙasan allo kuwa sai ka matso ka ƙanƙance ido. Tele ɗaya, parabol ɗaya, waya ɗaya, minti ɗaya. Kuɗin watan ma ɗaya aka biya.

In ka tambaya me ya sa, amsoshin a shirye suke. Wani ya ce hadari ne, wani ya ce hazon hunturu, wani ya ce yaron da ya ɗaura parabol ɗin bai iya aiki ba, wani ya ce ai telen ce ƴar araha. Ni kuwa cewa nake yi mafi yawan lokaci ba ko ɗaya daga ciki. Kyan hoton da ke isowa ɗakinka rabo ne, kamar yadda ake rabon hatsi, wasu mutane ne ke zaune a buro su yanke wa kowace tasha awonta, kuma kuɗi ke yanke hukuncin. Mu da ke biya ba a taɓa nuna mana tiyar da ake awon da ita ba.

Mu fara sallamar ruwan sama, don shi ya fi shan zargi. Gaskiya ne tauraron ɗan Adam ɗin da parabol ke kallo yana can sama wajen kilomita 36,000, kuma saƙon da ƙananan parabol ɗinmu ke kamawa ruwa mai ƙarfi yana raunana shi. Amma hoton dijital ba ya dushewa a hankali irin na eriyar dā mai yayyafi. Ko dai saƙo ya iso daidai, ko ya karye: hoto ya tsaya cak, ya farfashe gida-gida, murya ta riƙa tsinkewa, allo ya ce babu sigina. Hadari ya wuce, komi ya dawo. Kuma ruwa ba ya zaɓen tasha don ya ji haushinta. In a cikin watan Afrilu, rana na dukan Tawa ba ko gajimare ɗaya, wata tasha ta fito tas wata ta fito dishi-dishi, to don Allah a bar ruwa ya huta.

Haka ma yaron parabol. Wannan shi ya fi ba ni haushi. Matasa nawa ne a Maraɗi da Damagaram suke cin abinci da wannan sana'a, suna hawa rufin kwano da tsakar rana don jika ɗaya ko biyu? Sai maigida ya kira shi ya balbale shi da faɗa wai tashar kaza ba ta fita da kyau, ya hana shi cikon kuɗinsa, ko ya sa shi ya sake hawa yana juya faranti hagu da dama a banza. Alhali in ka shiga saitin dekoda za ka ga layin ƙarfin sigina da na ingancinta duk sun cika. Aikin yaron ya ƙare a nan. Ya kawo maka saƙon cif yadda aka aiko shi, abin da aka zuba a ciki ne bai da kauri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To me HD ɗin ke nufi? Girman ƙwarya kawai. Hoton tele ɗigo-ɗigo ne aka jera. Tsohon awo, wanda ake kira SD, ɗigo 720 ne a kwance, layi 576 a tsaye, jimla ɗigo 414,720. Cikakken HD kuwa 1920 ne sau 1080, wato ɗigo 2,073,600, ninki biyar daidai. Iyakar alkawarin da haruffan suka ɗauka ke nan: ƙwaryar babba ce. Ba su ce komi ba game da abin da ke cikinta. Mai fura na iya miƙo maka babbar ƙwarya da dunƙule biyar da nono mai kauri, tana kuma iya miƙo maka ita wannan ƙwaryar da dunƙule ɗaya ta cika da ruwan randa. Duka biyun a cike suke har baki.

Dunƙulen furar a nan shi ne yawan bayanin da ake turo wa dekodarka a kowace daƙiƙa, ana auna shi da megabit. Ku riƙe wannan kalma, don ita ce ba a son mu riƙa tambaya. Hoton HD ɗanye, yadda yake fitowa daga kyamara ya bi waya cikin situdiyo, yana cin kusan megabit 1,500 a daƙiƙa. Wanda ke isowa gida ta tauraro da wuya ya wuce goma da ƴan kai, sau da yawa ma bai kai rabin haka ba. Ke nan fiye da kashi 99 cikin 100 an zubar a hanya. Wannan ba laifi ba ne a kansa, dole ce, kuma dabara ce mai ban sha'awa. Na'urar matse hoto takan duba hotuna 25 da ke wucewa a daƙiƙa guda ta ce: bangon nan bai motsa ba, kujerar nan ba ta motsa ba, bakin mutumin nan kaɗai ya motsa, to bakin kawai zan aika. Ta kuma zubar da ƙananan bambance-bambancen launi da ido ba ya saurin lura da su. Dabarar tana ta ci gaba: akwai MPEG-2 ta shekarun 1990, sai H.264 a 2003, sai HEVC a 2013, kowace tana iya ba da hoto kusan iri ɗaya da wajen rabin awon wadda ta gabace ta. Amma duk gwanintar na'ura akwai inda za a matse ta har ta fara zubar da abin da ido ke gani. A nan ne fuska ke zama kamar ta roba, gemu ya zama baƙin tabo, zanen atamfa ya narke ya zama launi ɗaya.

Me ya sa za a matse har haka? Haya. Kowane tauraro an raba shi ɗaki-ɗaki, ana kiran kowane ɗaki tiransfonda, kuma kamfanonin tele haya suke biya da kuɗin waje masu nauyi. Ɗaki ɗaya irin wanda aka saba yana ɗaukar abin da ya kama daga megabit 40 zuwa 60 a daƙiƙa. Mu ɗauki 50 don lissafi ya yi sauƙi. In ka zuba tasha biyar a ciki, kowace ta samu goma, hoto ya fito garau. In ka cusa goma sha biyu, kowace ta tashi da huɗu da ɗan abu. Hayar ɗakin ba ta ƙaru ba, amma yanzu kana iya buga talla ka ce ka ƙara tashoshi bakwai. Ku lura da yadda ake sayar mana da kunshin tashoshi: da ƙidaya ake yi. Tasha ɗari da kaza, tasha ɗari biyu da kaza. Ba a taɓa cewa ga awon da kowace ta samu. Mu kuma mu yi ta murna da yawa, alhali ruwa aka ƙara a furar.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ba a raba ɗakin daidai wa daida. Na'urorin yanzu suna rabon ne daƙiƙa bayan daƙiƙa: tashar da hotonta ya yi wuya a wannan lokaci a ƙara mata, wadda ke nuna mutum zaune yana magana a rage mata. Shi ya sa tasha ɗaya za ta yi kyau da hantsi ta lalace da dare, lokacin da maƙwabtanta na ɗaki suke ta gudu da tsalle. Kuma a cikin wannan na'ura akwai wurin da mai kamfani ke rubuta wace tasha ce gaba in an yi ƙaranci, da mafi ƙarancin awon da ba za a taɓa rage wa wata ba. Ku da kanku ku ba ni amsa: daren da ake wasan Real Madrid, wa za a ɗebe wa a ƙara wa wa? Tashar da aka sayi haƙƙin nuna wasanta da miliyoyi, wadda saboda ita rabin gari ke biyan kuɗin wata, ko tashar da ke hira da manoman albasa na Galmi?

Abin takaicin shi ne abubuwan da muka fi so mu gani na kanmu su ne suka fi wahalar matsewa. Ɗauki kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, babu wani abu da ke tara ƴan Nijar gaban tele kamar ta. Amma ka duba abin da ke cikin hoton: rairayi mai ƙwayoyi ba iyaka, ƙura na tashi, dubban mutane a bayan fili kowa da launin rigarsa kowa na motsi, makaɗa, tutoci, kyamara na bin ƴan kokowa da sauri. Babu wani sashe na allo da ya tsaya wuri ɗaya da na'ura za ta ce wannan na riga na aika. Irin wannan hoto ya fi buƙatar awo fiye da kusan komi. In aka ba shi ragowa, to a daidai daƙiƙar da ake jira, lokacin da aka ɗaga ƙafa za a kai mutum ƙasa, a nan allo ke farfashewa. Sai gardama ta kaure a fada: gwiwa ta taɓa ko ba ta taɓa ba? Hoton da zai raba gardamar an zubar da shi a hanya don a yi tsimin megabit biyu. Yaro a Dosso yana iya gane zanen da ke hannun ɗan wasan Ingila, amma fuskar Issaka Issaka in yana tsakiyar kamu sai dai ya gane shi da rigar jiharsa.

Kada wani ya ce na ɗora komi a kan kamfanonin tauraro. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tashoshinmu na gida suna da nasu kaso, kuma babba ne. Abin da aka ɗauka da ƙaramin awo ba ya girma don an hura shi. In shiri an ɗauke shi da layi 576, na'ura na iya miƙe shi ya cika 1080, amma ƙirƙiro ɗigon da ke tsakani take yi da ka, ba ta ƙara komi na gaskiya. Tambarin HD na nan a kusurwa, shi kaɗai ne ma ya fito tas, sauran hoton tsohon ne aka ja. Wani lokaci ko ladabin ja ba a yi, a ɗauko hoton tsohuwar tele mai kusurwa huɗu a baje shi a faffaɗan allo, sai ka ga kowa ya yi ƙiba dare ɗaya, har liman.

Sannan ga hanyar da rahoto ke bi. Wakili ya ɗauka a ƙauye, ya turo ta WhatsApp, wanda shi ma matse bidiyo yake yi. A situdiyo a yanka a haɗa a sake matsewa. A tura wa mai hawar da shi tauraro, a sake matsewa. Kamfanin da ke sayar da kunshi ya karɓa ya sake matsewa da nasa awon. Fotokofi ne na fotokofi na fotokofi, kuma duk wanda ya taɓa kai takardar haihuwa irin wannan wajen jarrabawa ya san yadda hatimi ke komawa. Ƙara da haske: situdiyo mai fitila biyu, baƙo sanye da fararen kaya, kyamara ta bi farin ta bar fuskar cikin duhu. Wurin da ya yi duhu a hoto shi na'urar matsewa ta fi yi wa rowa. Mu kuwa baƙaƙe ne, fuskarmu na son a haska ta da ilimi. Wannan ba ya buƙatar miliyoyi, yana buƙatar a ɗauki mai haske a matsayin ma'aikaci, a biya shi, a daina ba ɗan ƙanen darekta.

Abu ɗaya ne ke hannunmu a gida, shi ma in faɗe shi don adalci. In dekodarka na haɗe da tele da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, to ko me aka aiko ba za ka ga fiye da layi 576 ba, rawayar iyakarta ke nan. Sai wayar HDMI, sannan ka shiga saitin dekoda ka tabbatar an sa fitarwa a kan 1080. Kuma ƙananan tele da yawa da ke kasuwa ɗigonsu 1366 ne sau 768, ko me aka liƙa a kwalin. Amma ku lura, waɗannan matsaloli duk tashoshi suke shafa baki ɗaya. In ka gyara su bambancin da ke tsakanin tasha da tasha ƙara fitowa fili yake yi.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Ƙasa na fama da tsaro da tsadar buhun hatsi da ɗaukewar wuta, kai kana maganar kyan hoto? Na ji. Amma wanda ya biya kuɗin wata daga cikin ribar kabu-kabu ko ta ɗinki, kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma wanda ya saba a rage masa awo a ƙaramin abu ya yi shiru, haka zai yi a babba. In mai shinkafa ya daki gindin tiya a kasuwar Dole, kowa ya san sunan abin. Sannan ba kwalliya kaɗai ba ce. Sanarwar gwamnati, lambar wayar da za a kira in ambaliya ta zo, ranakun rigakafi, duk a rubuce suke wucewa a ƙasan allo, kuma ƙananan haruffa su ne farkon abin da ke narkewa. Ga ƴan uwanmu kurame da ke bin labarai ta hannun mai fassara a ɗan ƙaramin akwati a gefe: yatsu ne ke motsi da sauri a ƙaramin wuri, daidai abin da matsewa ke fara cinyewa. A wurinka hoto ya ɗan dushe, a wurinsu an kashe murya ne.

Akwai kuma abin da ke shiga kan yara ba tare da kowa ya faɗa musu ba. Yaron da ya tashi yana ganin duk abin da ya zo daga waje garau, duk abin da aka yi da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek dishi-dishi, zai yanke hukunci da kansa game da wane ne ya iya da wane ne bai iya ba. Bai san megabit ba, bai san haya ba. Abin da idonsa ya gani ya sani. Alhali mun ga shirye-shiryen Hausa da aka ɗauka da kyau, tun da Arewa24 ta fara a 2014 mutane suka ga cewa harshen ba shi ke kawo hazo ba.

Wani kuma zai ce ai kasuwa ce, ƙwallo ke kawo kuɗi, dole a fifita ta. To madalla, a fifita. Ban ce a rage wa ƙwallo ba, ni ma ina kallo. Cewa na yi a faɗa mana. Mai sayar da katin intanet yana gaya maka mega nawa ka saya, in sun ƙare da wuri kana da abin riƙewa ka yi ƙorafi. Me ya hana mai sayar da tashoshi ya wallafa jerinsu, a gaban kowace ya rubuta ko HD ce ta asali ko hurarriya, da matsakaicin awon da yake ba ta? Lambobin nan suna kan allon injiniyoyinsa dare da rana, ba sai an yi bincike ba. Kuma maganar ta ƙara nauyi yanzu da kasuwar ke taruwa a hannu kaɗan. A 2025 Canal+ ya karɓi ragamar MultiChoice mai DStv, biyu daga cikin manyan masu sayar da tashoshi na nahiyar suka koma gida ɗaya. Duk lokacin da masu rabo suka ragu, mai saye ba shi da inda zai gudu, sai dai doka ta tsaya masa.

A nan ne nake kallon hukumomin da ke ba da lasisi. Duk kamfanin da ke karɓar kuɗin ƴan Nijar da izinin ƙasa yake yi, kuma izini yana zuwa da sharuɗɗa. A cikin sharuɗɗan a rubuta mafi ƙarancin awon da za a ba tashoshin ƙasa, a kuma rubuta cewa ba a liƙa HD a kan abin da bai kai ba. Tun 2006 aka sa hannu a Janeba kan komawa tele ta dijital, aka sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adi, aka yi ta taruka ana cewa hoto zai gyaru. Dijital ta ba da damar gyaruwa ne kawai. Ita ce kuma ta ba da damar cusa tasha goma sha biyu inda biyar ya kamata su zauna, kuma in ba a rubuta iyaka ba, kowane ɗan kasuwa ya san wadda zai zaɓa.

Ku kuma masu tashoshin gida, ku ne ya kamata ku fi kowa ɗaga murya, don hajarku ce ake nunawa a wulaƙance. Ku tambayi awon da ake ba ku, ku sa shi cikin yarjejeniya. Ku daina karɓar rahoto ta hanyar da ke tauye shi alhali ana iya turo fayil ɗin yadda yake. Kuma ku adana asalin abin da kuka ɗauka kafin a matse shi, musamman kokowa da hawan salla da wasannin makaɗa. In kwafin da aka matse kaɗai kuka ajiye, ko wanda aka kwaso daga Facebook, to ranar da aka samu faɗin da za a nuna shi da kyau babu abin da za a nuna, don ɗigon da aka zubar babu na'urar da ke dawo da shi.